Mai Ƙeya Ba Ya Ganin Ƙeyarsa

Ɗan ƙanwata ya kammala karatun injiniyan injuna a Jami'ar Bangui, ya yi wata takwas yana zaga ofisoshi da takardarsa a cikin leda, har gefunanta suka fara lanƙwashewa. Wata ranar Alhamis da la'asar ya neme ni a gida, aka ce masa na tafi aski. Ya iske ni a rumfar wanzami a Kilomita Biyar, ba nisa da babban masallaci, ina zaune a kan tabarma an jiƙa mini kai da gemu. Ya durƙusa ya gaishe ni, ya gaida wanzamin, sannan ya ce, "Kawu, shawara na zo nema. Aiki biyu aka yi mini tayi. Wani mai gareji yana so in riƙa duba masa manyan motocin da ke zuwa Duwala, kuɗin ba yawa, kuma kullum mutum yana cikin baƙin mai. Wani ɗan kwangila kuma ya ce in zo wurin da yake gina bene, in sa hular kwano in tsaya, in an zuba kankare in sa hannu a takarda. Ninki uku zai ba ni."

Ban amsa masa nan take ba, domin aska tana kan maƙogwarona, kuma kowa ya san ba a surutu a wannan hali. Sai da wanzamin ya gama da gemu ya koma ƙeya na tambaye shi, "Kai gini ka karanta?" Ya ce a'a. Na ce, "To me zai saya a wurinka da ninki uku?" Yaro ya yi shiru. Wanzamin, wanda ya ba ni shekara goma da wani abu, ya ce ba tare da ya ɗaga kai ba, "Sunansa zai saya, Injiniya."

Ranar ban ƙarasa amsar ba, magariba ta raba mu. Shi ya sa na ga ya dace in rubuta ta, tun da ba shi kaɗai ne ke fitowa daga makaranta ya tarar da irin wannan mararraba ba. Tambayar da ya kawo ta neman abinci ce, amma a ƙarƙashinta akwai wata da ta fi ta nauyi: mene ne haƙƙin aikin da mai shi ba zai taɓa gani da idonsa ba? In kuma mutum ya yi ha'inci a irin wannan aiki, Allah ya tsare babu abin da ya faru, shin ya yi laifi ko bai yi ba?

Ga wanda bai san wurin ba, Kilomita Biyar unguwa ce a Bangui, babban birnin Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya, an sa mata sunan ne saboda nisanta daga tsakiyar gari. Nan ce cibiyar kasuwancin birnin, nan kuma Hausawa da Fulani da Barebari da Larabawan Cadi da mutanen Senegal da Mali suka zauna tun zamanin Turawa. Ƙasar ba ta da teku. Siminti da rodi da gishiri da sukari da kayan gyaran mota, kusan duk a bayan manyan motoci suke zuwa daga tashar jiragen ruwa ta Duwala a Kamaru, tafiyar kilomita wajen 1,400. Da 'yan tawaye suka tare hanyar a ƙarshen 2020 zuwa farkon 2021, motoci suka yi cirko-cirko a kan iyaka a Garwa-Bulai, kowane gida a Bangui ya ji a tukunyarsa. Saboda haka a garinmu bakanike ba ƙaramin mutum ba ne, ko da kuwa rigarsa ba ta nuna hakan.

Bari in fara da wanzami, tun da shi ya fara ba da amsa. Kakana na wajen uwa wanzami ne, da zabirarsa ya shigo ƙasar nan ta Garwa da Ngaundare. Ina yaro nakan zauna kusa da shi ina miƙa masa ruwa, kuma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yadda yake daɗewa a ƙeya fiye da gaban goshi. Na taɓa tambayarsa dalili, ya ce gaban goshi mai shi zai duba da kansa, ƙeya kuwa an bar masa ita ce amana. A lokacin na ɗauka maganar tsofaffi ce kawai. Sai da na girma na gane cewa duk wanda ya zauna gaban wanzami ya miƙa abu biyu da ba ya iya tsarewa: wuyansa, da wurin da idonsa ba ya kaiwa. Ba yarjejeniya a rubuce, ba shaidu. Mutum ya rufe ido, wani ya ɗora masa ƙarfe mai kaifi a kan jijiya, kuma a tashi lafiya a yi godiya.

Mu da muka ga abin da ya faru a garin nan mun san tsadar wannan amana. Bayan Seleka ta karɓe Bangui a watan Maris na 2013, da harin da 'yan Anti-balaka suka kawo ranar 5 ga Disamba na wannan shekara, Kilomita Biyar ta koma kamar kurkuku, na ciki ba ya fita, na waje ba ya shiga. Duniya ta tuna ranar 30 ga Nuwamba, 2015, da Paparoma Francis ya shigo babban masallacinmu. Ni ma ina tuna ta. Amma ranar da na tabbata a raina cewa gari ya fara warkewa daban ce: ranar da na ga wani Kirista, tsohon abokin cinikin wanzamin nan, ya dawo bayan shekaru, ya zauna, ya ɗaga haɓa, ya rufe ido. Ba wanda ya yi jawabi. Sun gaisa da Sango, aka yi aski, ya biya ya tafi.

Bakanike ma wanzami ne, sai dai ƙeyar da aka ba shi tana ƙarƙashin mota. Direba ya san ƙarar injinsa, ya san in sitiyari yana ja gefe, amma ba ya kwanciya ya ƙirga notin da aka ɗaure da wanda aka bari. Injiniyan gini kuwa ya fi su duka samun damar ɓoyewa, domin shi da an zuba kankare an rufe maganar ke nan. Rodi mai kaurin milimita 12 da mai milimita 10, in ka riƙe su a hannu bambancin bai taka kara ya karya ba, amma in ka yi lissafi, na biyun ya gaza na farkon da kusan kashi 30 cikin 100 na ƙarfen da ke ɗaukar nauyi. A ƙara wa kwaɓin ruwa don ya yi sauƙin zubawa, ƙarfinsa ya ragu. A cire katakon da ke tallafe da dakin tun bai nuna ba, alhali kankare sai ya kwana 28 ake auna cikakken ƙarfinsa. Bayan an yi shafe an sa fenti, mai gida da ma'aikacin gwamnati da maƙwabci duk abu ɗaya za su gani: gida mai kyau. Benen nan mai hawa 21 da ya rufta a Ikoyi ta Legas ranar 1 ga Nuwamba, 2021, ya kashe mutum fiye da 40, kafin wannan rana masu wucewa sha'awarsa suke yi.

To ashe abin da ake biyan masu irin waɗannan sana'o'i ba ƙarfin hannu ba ne kaɗai, ba kuma ilimi ba ne kaɗai. Ana biyansu ne don su zama idon wanda ba ya gani. In mutum ya karɓi kuɗin ya kau da kai, bai yi rabin aiki ba, ainihin abin da aka saya ne bai bayar ba.

Wannan magana tana da daɗin faɗi, kuma da zan tsaya a nan da na yaudari mai karatu, ya ɗauka ni ban taɓa faɗuwa wannan jarrabawa ba. Na faɗi.

Da na gama karatu ni ma ban sami ofis ba, sai na kama aiki a wani gareji na manyan motoci. Irin waɗannan motoci da iska birkinsu yake aiki: akwai tanki, akwai tiyo da ke kai iskar kowace ƙafa. Wata rana aka kawo mota da birkin ƙafa ɗaya ta baya yana zubar da iska. Kayan gyaran babu a kasuwa, sai an aiko daga Duwala, mai mota kuma ya riga ya karɓi kuɗin lodi, gobe da asuba za a tashi. Maigidana ya ce a toshe tiyon da ke zuwa wannan ƙafa, sauran ƙafafun sun isa. Na san abin da hakan ke nufi, don na karanta shi na kuma ci jarrabawa a kansa: a kan shimfiɗaɗɗiyar hanya direba ba zai ji bambanci ba, amma a doguwar gangara da kaya, nauyin da ya kamata a raba zai koma kan sauran ƙafafun, su yi zafi, in suka yi zafi kuma birki sai ya daina kamawa. Na buɗe baki zan yi magana, na tuna wata biyu ke nan da ɗaukata, na tuna ana yi mini dariya ana kirana "mai takarda". Na ɗauki sifana na toshe da hannuna. Direba ya zo ya tambaya ko an gama, na ce an gama.

Motar ta je ta dawo lafiya. Ta sake zuwa ta dawo. Daga nan abin ya daina damuna, na yi irinsa ya fi a ƙirga, har na fara koya wa yaran da suka zo bayana, ina ce musu wannan ita ce dabarar da ba a koyarwa a makaranta.

A farkon 2014, lokacin da jama'armu ke ficewa ayari-ayari zuwa Cadi da Kamaru, na samar wa mahaifiyata da ƙannena mata biyu wuri a bayan wata babbar mota da za ta bi ayarin Garwa-Bulai, tafiyar kilomita wajen 600 ta Bowali da Buwar, hanya mai hawa da gangara, ga kuma hatsarin masu tare hanya, wanda ya sa ba direban da zai so ya tafi a hankali. An ɗora buhuna da katifu, mutane kuma a samansu har ba wurin sa ƙafa. Daren da za su tashi na kasa barci, na ɗauki fitilar waya na shiga ƙarƙashin motar. A ƙafar baya ta hagu na tarar da tiyo a toshe, an naɗe bakinsa da robar cikin taya, daidai yadda nake yi. Ban san hannun wa ya yi ba. Mai yiwuwa wani gareji ne, mai yiwuwa ɗaya daga cikin yaran da na koya wa ne. Na kwanta a ƙasa a wurin, ina jin muryar mahaifiyata a sama tana lallashin jikar wata mata, na rasa wanda zan zaga.

Mun yi abin da za mu iya kafin asuba, muka ciro kaya daga wata matacciyar mota muka haɗa, na kuma gaya wa direban gaskiya don ya san abin da yake tuƙawa. Sun isa lafiya, alhamdu lillahi. Amma tun daga wannan dare na daina yarda da hujjar da na daɗe ina ba kaina.

Hujjar ita ce: ai babu abin da ya faru. Mutane da yawa a kanta suke, kuma tana da kama da hankali, domin mun saba auna laifi da ɓarnar da ya jawo. Sai dai a duba. Makanikai biyu sun toshe tiyo iri ɗaya a rana ɗaya. Motar na farko ta sauka gangara babu kowa a gabanta, ta wuce. Motar na biyu ta tarar da shanu sun tare hanya, direba ya taka birki bai kama ba. Me ya bambanta mutanen nan biyu? Shanu. Abin da hannunsu ya yi ɗaya ne, abin da suka sani ɗaya ne, abin da suka ɓoye ɗaya ne. In na biyun mai laifi ne, na farkon ma haka, illa dai shi an rufa masa asiri. Laifin ya kammala tun lokacin da aka ce wa direba "an gama". Caca aka yi da ran wanda bai san an sa shi a faifai ba, kuma cin caca ba ya mayar da ita halal.

Akwai ma abin da ya fi wannan muni. Masu ƙera mota da masu lissafin gini sukan bar rara da gangan, su yi abu ya fi ƙarfin nauyin da ake sa ran zai ɗauka, saboda ranar da ba a zata ba. Wannan rara ita ce take rufa wa maha'inci asiri sau tara, har ya ɗauka gwaninta ce tasa. Kowane tsira sai ya zama masa shaida cewa littafi ƙarya yake yi. Ni abin da ya lalata ni ke nan: da motar farko ta ba ni tsoro, da ban yi ta biyu ba.

Hujja ta biyu ta fi ƙarfi, kuma ba na raina mai kawo ta: ni yaro ne, umarni aka ba ni, in na ƙi a kore ni, gobe a ɗauki wani ya yi, ni kuma ina da uwa da ƙanne. Wanda bai taɓa kwana da yunwa ba ne yake amsa wannan da sauri. Gaskiya tana da farashi, ba kuma kullum ake mayar wa mutum da canji ba. Injiniya Roger Boisjoly ya gargaɗi shugabanninsa a Amurka cewa robar da ke toshe mahaɗar rokar kumbon Challenger ba za ta jure sanyi ba, ya yi ta ja har daren da za a harba. Ba a saurare shi ba. Ranar 28 ga Janairu, 1986, kumbon ya tarwatse daƙiƙa 73 da tashi, mutum bakwai suka mutu. Da ya faɗi gaskiya a gaban masu bincike, abokan aikinsa suka juya masa baya, har ya bar kamfanin. Ba zan ce wa ɗan ƙanwata gaskiya za ta sa ya yi arziki ba, don ban ga alƙawarin haka a ko'ina ba.

Amma a dubi ɗaya gefen. A watan Satumba na 2015 aka gano kamfanin Volkswagen ya sa wa motocinsa masu shan gas wata manhaja da ke gane lokacin da ake gwada hayaƙinsu, sai ta rage shi, in an koma kan titi ta sake shi. Motoci wajen miliyan 11 abin ya shafa. Ba manyan daraktoci ne suka zauna suka rubuta manhajar ba, injiniyoyi ne. A 2017 wata kotu a Amurka ta ɗaure ɗaya daga cikinsu, James Liang, wata 40. Cewa da ya yi shi ma'aikaci ne a ƙarƙashin wasu bai fitar da shi ba. Haka abin yake a ko'ina: umarni da baki ake bayarwa, iska ta kwashe, sa hannu kuwa yana nan a takarda. Ɗan kwangilar da ya yi wa ɗana tayin ninki uku ya san wannan sarai. Ba injiniya yake nema ba, yana neman wanda za a kama ne in ta ɓaci.

Hujja ta uku ita ce: mai kaya ne ya ce a yi masa na araha, ni me ya dame ni? Wannan tana da gaskiya har zuwa wani wuri. In mutum ya ce a yi masa aski ba sabulu, kansa ne. In ya ce a bar masa mota ba fenti, tasa ce. Amma mai mota ba shi da ikon yafe birki a madadin fasinja, kamar yadda mai gida ba shi da ikon yafe rodi a madadin ɗan haya. A watan Yuli na 2017 wata babbar mota maƙare da kaya da 'yan kasuwa ta kife kusa da Bambari, mutum fiye da 70 suka rasu. A ƙasar da ba jirgin ƙasa, a saman lodi talaka yake tafiya. Duk motar da ta shigo garejinka, ka ɗauka motar fasinja ce, kuma ba wanda ya tambayi fasinjan nan ra'ayinsa.

To me ƙaramin ma'aikaci zai yi, tun da ba kowa ne zai iya ajiye aiki ya tafi ba? A nan ma wanzami na koma na tambaya, da ido ba da baki ba. Wanzaman yanzu da masu shagon aski sun koyi abin da kakana bai sani ba, cewa ƙwayar cutar hanta nau'in B tana iya yin kwana bakwai a raye a kan ƙarfe. Shi ya sa na kirki a cikinsu yakan ɓare sabuwar reza a gabanka, ya bari ka ga takardar. In ya gama kuma ya ɗauko ƙaramin madubi ya riƙe maka ta baya. Bai ce ka yarda da shi don yana salla ba. Ya ɗauko abin da ke ɓoye ya kawo shi inda za ka gani. Wannan ita ce rabin sana'ar injiniya, kuma ba ta bukatar jarunta.

In ka canza wa mota wani abu, ka ajiye tsohon ka nuna wa mai ita. In ba a sami kayan gyara ba aka yi dabara, ka gaya wa direba da bakinka abin da aka yi da abin da zai kiyaye, ko da maigida bai so ba; da wuya a kori mutum don ya yi magana da direba, direban kuma shi zai riƙa nemanka daga baya. Ka sayi littafi mai bango mai kauri, kullum ka rubuta kwanan wata, lambar mota, abin da ka gani, abin da ka ba da shawara, da abin da aka yanke. In umarni ya saɓa wa abin da ka sani, kada ka yi faɗa a gaban yara, ka sami maigida shi kaɗai ka ce, "Ranka ya daɗe, ga abin da nake tsoro, ga kuma hanyar da za ta fi sauƙi." Sau da yawa ba mugunta ce ke sa shi ba, ƙurewar lokaci ce, in ka kawo mafita zai karɓa. In ya nace, ka roƙe shi ya rubuta. Za ka sha mamakin yawan umarnin da ke mutuwa da zarar an nemi a sa shi a takarda. Sannan ka ware 'yan abubuwa kaɗan, birki da sitiyari da duk abin da rai ya rataya a kansa, ka sanar tun ranar farko cewa a nan ba ka taɓa ragi. Wanda ya faɗi haka tun yana sabo, an san shi da shi ke nan. Wanda ya bari sai ya yi sau goma, ranar da ya ƙi za a ce ƙarin kuɗi yake nema.

Kada kuma ka sa hannu a kan abin da ba ka iya aunawa ba. "Ban sani ba" ba ta rage wa injiniya daraja. Takardarka ta injuna ce, ba ta gini ba. Hular kwano ba ta mayar da kai masanin kankare, kamar yadda riƙe zabira ba ya mayar da mutum wanzami.

Wani abin da zan ƙara, saboda na ga yana kayar da masu takarda: kada ka raina yaron gareji, kada kuma ka bari ya sa ka raina littafinka. Shi yana jin ciwon inji da kunne tun kai ba ka buɗe ba, ka durƙusa ka koya, da koyo akan iya. Amma shi ya san abin da ya saba faruwa ne, kai an koya maka abin da zai iya faruwa. Soichiro Honda, mai baburan Honda, yaron gareji ne a Tokyo tun yana ɗan shekara 15. Da ya fara ƙera zoben fistin suka riƙa lalacewa, hannu ya kasa gaya masa dalili, sai da ya koma makarantar fasaha a Hamamatsu ya koyi ilimin ƙarfe. Shi daga gareji ya nemi aji, kai daga aji za ka nemi gareji, duk wanda ya tsaya a ɗaya gurgu ne. Kuskurena shi ne na ji kunyar ilimina a gaban masu dariya, na ajiye shi daidai lokacin da aka fi bukatarsa.

Sai maganar aljihu, wadda ita ce ginshiƙin duk abin da na faɗa. Samarinmu da sun kama albashin farko sai mota, ko da bashi, don a san injiniya ya iso. Ka yi haƙuri da babur ko tasi tukuna. Wanda ake bin sa bashin mota ba ya iya ce wa maigida a'a. Ka tara abin da zai riƙe ka wata uku ba albashi. Wannan ajiya ita ce za ta ba bakinka ƙarfi ranar da ake so ka yi shiru. Ba a fafe gora ranar tafiya. Game da gemu da aski da guga kuwa, da ya tambaye ni ko sai ya aske kafin ya je neman aiki, na ce masa ya bari ko ya aske, wanda ya ga dama, amma ya je da tsabta kuma ya je kan lokaci. Ban taɓa ganin gadar da gemu ya kayar ba.

Ɗan ƙanwata ya kama aikin garejin. Mahaifiyarsa ta yi kwana biyu ba ta yi mini magana ba, tana cewa na sa ɗanta ya bar inuwa ya shiga rana, kuma ban ga laifinta ba, ita ta san abin da ta kashe. Benen da aka so ya sa wa hannu an gama shi, yana nan tsaye, mutane sun tare, ina kuma roƙon Allah ya dawwamar da shi a tsaye. Tsayuwarsa ba ta canza komai a cikin abin da na gaya wa yaron ba.

Kwanan baya ya biyo ni wajen aski, farcensa baƙi ƙirin, littafinsa a aljihun baya. Ya ce an kawo musu wata mota, ya shiga ƙarƙashi ya tarar da tiyo a toshe, tsohon aiki, robar har ta bushe. Ya tambaye ni, "Kawu, wane irin mutum ne zai yi wannan?" Wanzamin yana ƙeyata a lokacin, ba abin da ya hana ni magana. Na ce masa ya zauna, na ba shi labarin da na ba ku, tun daga sifanar har zuwa daren ayari. Bai ce komai ba, sai da na gama ya ce ya riga ya cire ya sa sabo, mai motar ya yi ta faɗa a kan kuɗin.

Allah ya ba mu ikon riƙe abin da aka ba mu amana, ya yafe mana wanda muka tauye, ya kai matafiya gida lafiya.